Inshorar lafiya a Amurka: abin da zai iya rage aiken da ƴan uwa ke yo mana daga watan Janairun 2026

A nan gida watan Nuwamba wata ne na lissafi. Hatsi ya shiga rumbu, maigida yana ƙirga dammuna yana auna ko za su kai shi damina. Ƴan uwanmu da ke Amurka su ma watan lissafi ne gare su, sai dai nasu a kan takarda yake. Daga ranar 1 ga watan ake buɗe musu wata kasuwa da ke ci sau ɗaya tak a shekara, kasuwar sayen inshorar lafiya, abin da muka fi sani a nan da sunan asirans. Wanda ya zaɓa da kyau ya huta shekara guda. Wanda ya yi kuskure, ko ya yi barci har aka tashi kasuwar, zai iya kwana da bashin da ya fi kuɗin gina gida a Maraɗi.

Wani zai ce mene ne ruwan manomin Gidan Rumji ko na Mirriya da wannan magana. Ruwansa shi ne kuɗin da ake zuwa karɓa ƙarshen wata a gidan aike. Ɗan da ke tuƙin taksi a Niyok, ko wanda ke aikin sito a Greensboro ko Harrisburg ko Indianapolis, aljihu ɗaya gare shi. Daga nan kuɗin haya ke fita, daga nan kuɗin likita ke fita, daga nan kuma jikunan da yake aiko wa tsohuwa ke fita. A 2026 kuwa ɓangaren likitan ne ya kumbura, kuma in ya kumbura dole wani ɓangaren ya motse.

Mu fara da gyara wata kalma don kada a ruɗe. Duk inda muka ce dala a wannan sharhi, dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. A watan Nuwamban 2025 dalar Amurka ɗaya ta kai wajen sefa 565, kuma da wannan farashi muka yi duk canjin da za ku gani.

A Nijar, in jiki ya ƙi, mutum ya je likita ya biya kuɗin kati, a rubuta masa ordonas ya wuce farmasi. Tun 2006 gwamnati ta ce yara ƴan ƙasa da shekara biyar da matan da aka yi wa tiyatar haihuwa kyauta ne, ko da yake kowa ya san sau nawa ake cewa magani ya ƙare. Daga 1 ga Satumban 2024 kuma hukumomi sun rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a asibitocin gwamnati. Amurka ba ta da irin wannan tsari na kowa da kowa. Asibiti a can kasuwanci ne mai tsadar gaske. Karyewar ƙafa, ko kwana uku a gadon asibiti, na iya jawo takardar biyan dubban daloli. Shi ya sa mutum ke biyan wani kamfani kuɗi duk wata, ko yana ciwo ko ba ya yi, don ranar da ciwon ya zo kamfanin ya ɗauki kaso mafi girma.

Yawancin Amurkawa masu aiki ta wurin aikinsu suke samun inshorar, kuma doka ta ɗora wa kamfanin da ke da cikakkun ma'aikata 50 ko fiye ya samar musu. Tsofaffi daga shekara 65 suna da shirin gwamnati mai suna Medicare. Masu ƙaramin ƙarfi sosai suna da Medicaid. To amma da yawa daga cikin namu ba sa cikin ko ɗaya. Direban Uber shi ne maigidan kansa. Mai kitso a Harlem ita ce uwar ɗakin kanta. Haka mai sayar da kaya a bakin titi, da mai kai abinci gida-gida a kan keke. Irin waɗannan ne dokar da shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a watan Maris na 2010 ta buɗe wa kasuwa, dokar da kowa ke kira Obamacare. A ƙarƙashinta kamfani ba shi da ikon ya ƙi ka, ko ya ƙara maka kuɗi, don kana da ciwon suga ko hawan jini tun da. Gwamnati kuma tana biya maka wani ɓangare na kuɗin wata gwargwadon samunka. A shekarar 2025 mutum wajen miliyan 24 ne suka yi rajista ta wannan hanya.

Abin da ya canza a ƙarshen 2025

A 2021, lokacin annobar korona, gwamnatin Joe Biden ta ƙara yawan tallafin nan. A 2022 aka tsawaita ƙarin har ƙarshen 2025.  Ranar 31 ga Disamban 2025 ƙarin tallafin ya faɗi, majalisar dokokin ƙasar ba ta sabunta shi kafin nan ba.

A kan wannan magana ce aka rufe ma'aikatun gwamnatin Amurka daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamban 2025, kwana 43, rufewa mafi tsawo a tarihin ƙasar zuwa wancan lokaci. Ƴan jam'iyyar Democrat sun ce ba za su sa hannu a kasafin kuɗi ba sai an tsawaita tallafin. Ƴan Republican, jam'iyyar shugaba Donald Trump, sun ce abin na wucin gadi ne da aka yi don annoba, annoba kuwa ta wuce, ga tsada, ga kuma dillalan da ke rajistar mutanen bogi suna cin kamasho. Ofishin kasafin kuɗi na majalisar ya ƙiyasta cewa mayar da tallafin na dindindin zai ci wajen dala biliyan 350 cikin shekara goma, barinsa ya faɗi kuma zai bar ƙarin mutane wajen miliyan 4 ba su da inshora. A ƙarshe aka buɗe gwamnati ba tare da an tsawaita komai ba. Abin da aka samu kawai alkawari ne cewa majalisar dattawa za ta kaɗa ƙuri'a a kan batun cikin Disamban 2025.

Mu a ganinmu, wanda ya zauna jiran irin wannan ƙuri'a kafin ya yi rajista, ya zubar da ruwan tulunsa ne don ya ga hadari. Ko ƙuri'ar ta wuce a majalisar dattawa, sai ta wuce a ta wakilai, sai kuma shugaban ƙasa ya sa hannu. Kasuwar kuwa ba ta jiran kowa. Gara mutum ya zaɓa bisa farashin da ke gabansa yau. In an dawo da tallafin daga baya, sauƙi ne ya zo masa.

Yanzu ga yadda abin ke taɓa aljihu. Gwamnatin Amurka tana da wani ma'auni na talauci da take sabuntawa duk shekara. Na 2025, wanda da shi ake lissafin tallafin 2026, dala 15,650 ne a shekara ga mutum ɗaya, dala 32,150 ga gida mai mutum huɗu. Mun san mai saurare a ƙauye zai yi dariya ya ce wanda ke samun kusan miliyan 9 na sefa a shekara ai ba talaka ba ne. A can talaka ne, don hayar ɗaki ɗaya a Bronx ta isa ta cinye kuɗin nan ba ta ƙoshi ba.

Gwauron da ke samun ninki ɗaya da rabi na ma'aunin, wato dala 23,475 a shekara, a 2025 yana iya samun matsakaicin tsari ba ya biyan ko sisi a wata. A 2026 tsarin nan yana ci masa wajen dala 80 duk wata, jika 45 ke nan da ɗoriya. Magidanci mai mata da ƴaƴa biyu da ke samun ninki biyu, dala 64,300, a 2025 kashi 2 cikin ɗari na samunsa aka nema, wajen dala 107 a wata. A 2026 kashi 6.6 ne, wajen dala 354. Bambancin ya kusa dala 250 duk wata, kimanin jika 140. Ku tambayi kanku nawa irin wannan magidanci ke aikowa gida a wata. A gidaje da yawa adadin ke nan, ko ma bai kai ba.

Akwai kuma wani rami a can sama. Wanda samunsa ya wuce ninki huɗu na ma'aunin, dala 62,600 ga mutum ɗaya, a 2026 ba shi da tallafi ko kaɗan, ko da dala ɗaya ce ya ɗara. Direbobin manyan motoci, waɗanda namu ke da yawa a cikinsu, su ya kamata su fi sa ido a nan, musamman waɗanda shekaru suka fara ja, domin kamfani na da ikon cajin dattijo har ninki uku na abin da yake cajin saurayi. Cibiyar bincike ta KFF ta yi lissafin cewa, in aka haɗa kowa, abin da masu tallafi ke biya daga aljihunsu zai tashi daga dala 888 a shekarar 2025 zuwa dala 1,904 a 2026. Ya fi ninki biyu.

Arha ba ta ado

Idan farashi ya tashi haka, abin da zuciya ke fara cewa shi ne a nemi mafi arha a jerin. A nan ne mutane da yawa ke faɗawa, don haka za mu daɗe a wurin.

Kuɗin wata ba shi kaɗai ne kuɗin ba. Kowane tsari yana da lambobi uku da ya kamata a karanta tare. Na farko shi ne zubin wata, kamar zubin adashe, wanda ake biya ko da ciwo ko babu. Na biyu shi ne abin da suke kira didaktibul, wato adadin da kai za ka fara biya da kanka a cikin shekara kafin kamfani ya sa hannu a aljihunsa. Bayan ka cika shi ma ba a gama ba, ana raba sauran tsakaninku, kai kashi kaza su kashi kaza. Na uku shi ne rufin asara, iyakar abin da za a iya karɓa daga hannunka a shekara guda, wanda in ka kai shi kamfani ke ɗaukar duk abin da ya rage. Doka ta ce a 2026 rufin nan ba zai wuce dala 10,600 ga mutum ɗaya ba, dala 21,200 ga iyali. Dala 10,600 kusan miliyan 6 ne na sefa. Mai inshora ke nan fa.

An jera tsare-tsaren da sunayen ƙarafa. Bronze, wato tagulla, kamfani na ɗaukar kimanin kashi 60 na kuɗin jinya. Silver, azurfa, kashi 70. Gold, zinariya, kashi 80. Akwai Platinum mai kashi 90, amma ba ko'ina ake samunsa ba. Sunan ƙarfen bai shafi ƙwarewar likita ba, rabon kuɗi kawai yake nunawa. Tagulla zubinta ƙarami ne, didaktibul ɗinta kuwa dutse ne, sau da yawa sama da dala 7,000.

Ga abin da dillali mai gaggawa ba zai tsaya ya bayyana ba. Wanda samunsa bai wuce ninki biyu da rabi na ma'aunin talauci ba yana da wani rangwame na daban, da ke rage didaktibul da rufin asara. Wannan rangwamen bai faɗi tare da ƙarin tallafin ba, yana nan. Amma a tsarin azurfa kaɗai ake ba da shi. Mai samun da bai wuce ninki ɗaya da rabi ba, azurfarsa tana ɗaukar kashi 94, ta fi Platinum ma. Daga nan zuwa ninki biyu, kashi 87. In irin wannan mutum ya gudu zuwa tagulla don zubinta ya fi sauƙi, ya bar rangwamen a kan tebur ya tafi.

Mu ƙaddara misali, lambobin namu ne don a gane, kowa ya duba na garinsa. Wani direba yana da zaɓi biyu. Tagulla a dala 40 duk wata, rufin asararta dala 10,000. Azurfa mai rangwame a dala 150 duk wata, rufinta dala 3,000. In Allah ya ba shi lafiya shekara ta ƙare bai taka asibiti ba, tagulla ta ci masa dala 480, azurfa dala 1,800. Ya tsira da dala 1,320, kuma zai ce ya yi wayo. To, a ce cikin watan Maris ciki ya murɗa, aka yi masa tiyatar gaggawa, takarda ta zo da dala 20,000. A tagulla zai biya har rufi, jimilla dala 10,480 a shekarar. A azurfa dala 4,800. Bambancin dala 5,680 ne, sama da miliyan 3 na sefa, ga shi kuma yana kwance ba ya tuƙi.

Ba muna cewa tagulla ba ta da amfani ba ne. Saurayi lafiyayye wanda samunsa ya wuce na rangwame, kuma yana da ɗan abin da ya ajiye, tana iya yi masa daidai, don ta fi zama haka nan nesa ba kusa ba. Ko a tagulla ma, awon hawan jini da allurar rigakafi da wasu gwaje-gwajen kariya kyauta ne a wurin likitocin tsarin. Amma mai ciwon suga, mai hawan jini, mai sikila, da gidan da ake sa ran haihuwa baɗi, waɗannan sun riga sun san za su je asibiti. Su lissafinsu ba na zubi ba ne, na shekara sukutum ne.

Sai a duba abu biyu kafin a danna. Kowane kamfani yana da jerin likitoci da asibitocin da ya ƙulla yarjejeniya da su. In ka je wajen jerin, a tsare-tsare da yawa ba za su biya ko dala ɗaya ba, sai dai in gaggawa ce. Jerin kuma yana canzawa duk shekara, likitan da ke ciki bana zai iya fita baɗi. Haka jerin magunguna. Mai shan magani kullum ya rubuta sunan maganin a shafin ya ga ko yana ciki, kuma a nawa.

Maganar samun kuɗi da maganar takardu

Tallafin ana ba da shi ne bisa ƙiyasin abin da mutum ya ce zai samu baɗi. Mai albashi wannan ba wuya gare shi. Direba da mai kitso kuwa, wata ya yi kyau wata ya yi muni. Akan samu mai ba da shawara a majalisa ya ce rubuta kaɗan, tallafi ya fi yawa. A da, in aka zo lissafin haraji aka ga ka samu fiye da abin da ka faɗa, akwai iyakar abin da za a ce ka mayar in kai mai ƙaramin ƙarfi ne. Dokar da shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta cire wannan iyaka daga shekarar 2026. Duk rarar da aka biya maka, hukumar haraji za ta karɓe ta cif. Saboda haka a faɗi gaskiya, in kuma samu ya ƙaru a tsakiyar shekara a koma a gyara.

Wani abin da ke ba namu mamaki shi ne ƙirgar iyali. Mutum yana ciyar da uwa da uba da ƙanne goma a Tasawa, amma a takardar Amurka shi mutum ɗaya ne. Iyalin da ake ƙirgawa su ne waɗanda ke kan takardar harajinka, kuma dangin da ke zaune a Nijar, in ba ƴan ƙasar Amurka ba ne, ba sa shiga. Tsarin bai san da rumbun da kake cikawa a gida ba. Mu dai muna ganin ya kamata na gida su san da wannan.

Dokar ta watan Yuli ta taɓa baƙi kai tsaye. Mai katin zama na dindindin, wanda ake kira girin kad, a jihohi da yawa sai ya shekara biyar kafin ya cancanci Medicaid. A da, irin wannan sabon zuwa, in samunsa bai kai ma'aunin talauci ba, ana ba shi tallafi a kasuwar don ya cike giɓin. Daga Janairun 2026 an rufe wannan ƙofa. Daga 2027 kuma tallafin zai taƙaita ga ƴan ƙasa da masu girin kad da wasu rukunoni ƙalilan, ƴan gudun hijira da masu mafaka za su fita. Duk wanda ke cikin waɗannan rukunoni, 2026 ce shekararsa ta ƙarshe da tallafi in doka ba ta sake ba, don haka in akwai aikin likita da ake ta ɗagawa, lokacinsa ke nan.

A yawancin jihohi, wanda ba shi da takardu ba ya iya saye a wannan kasuwa ko da kuɗinsa. Amma ba a rufe masa ko'ina ba. Wata doka ta 1986 ta tilasta wa sashen gaggawa na asibitoci su duba duk wanda ya zo cikin mawuyacin hali, da takardu ko babu, ko da yake takardar biya za ta biyo baya. Akwai ƙananan asibitocin unguwa da ke karɓar kuɗi gwargwadon ƙarfin mutum. Birnin Niyok yana da shirin NYC Care don waɗanda ba su cancanci inshora ba. Ƴaƴan da aka haifa a can kuwa ƴan ƙasa ne, suna da haƙƙin Medicaid ko shirin yara na CHIP in samun gidan ya dace. Mun san akwai tsoro, kuma tsoron yana da dalili, tunda a 2025 an bayyana cewa an miƙa wa hukumar shige da fice bayanan masu Medicaid, har maganar ta kai kotu. Wanda wannan ya shafa ya nemi lauyan baƙi ko ƙungiyar da ke taimakon baƙi kafin ya cika ko ya ƙi cika wata takarda. Jita-jitar guruf ɗin WhatsApp ba ta isa a gina hukunci a kanta ba.

Jiha ma tana da tasiri. Wanda ke North Carolina, inda Greensboro take, ya sani cewa tun 1 ga Disamban 2023 jihar ta faɗaɗa Medicaid zuwa manya masu samun da bai wuce kashi 138 cikin ɗari na ma'aunin ba. Wasu suna can suna biyan kamfani alhali sun cancanci na kyauta. Niyok tana da nata shirin mai suna Essential Plan, marar zubin wata ga masu ƙaramin samu. Medicaid ba ta da lokacin kasuwa, ana shiga duk shekara.

Kan batun addini, wasu na tambaya ko inshora ta halatta. Wannan fagen malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya yarda da iliminsa. Abin da za mu ƙara kawai shi ne, tun 2019 gwamnatin tarayya ta daina cin tarar marar inshora, amma wasu jihohi kamar New Jersey da California da Massachusetts har yanzu suna ci.

Ranaku da ƴan damfara

A jihohin da ke amfani da shafin HealthCare.gov, wanda ke son inshorarsa ta fara aiki ranar 1 ga Janairu sai ya yi rajista kafin 15 ga Disamba ta wuce. A rajistar inshorar 2026, wanda ya makara ya samu dama har 15 ga Janairu, amma tasa sai 1 ga Fabrairu ta fara, wata guda ke nan a buɗe. Niyok tana da nata shafin, NY State of Health, a rajistar 2026 ta kai har 31 ga Janairu. Pennsylvania ma nata daban ne, sunansa Pennie. Bayan an rufe, sai mai dalili na musamman kamar aure, haihuwa, ko rasa inshorar wurin aiki, shi ma kwana 60 ake ba shi.

Wanda ya riga yana da inshora bana, in bai yi komai ba, za a sabunta masa ita da kanta a sabon farashi. A nan ne muke jin tsoron da yawa za su sha mamaki, don sai an cire kuɗin Janairu daga asusunsu za su farga. Wasiƙar da kamfani ya aiko, wadda ke can ƙarƙashin tarin takardu ba a buɗe ba, a buɗe ta yau. Sabon shiga kuma ya sani cewa rajista kaɗai ba ta isa ba, sai an biya zubin farko inshora ke tashi.

Masu taimakon cika takardu kyauta, waɗanda gwamnatin tarayya ke biya, a 2025 sun ragu ƙwarai, domin an zaftare kuɗinsu daga dala miliyan 98 zuwa miliyan 10. Inda suka bari, ƴan damfara ne ke cikewa. Talla a Facebook da ke cewa gwamnati na raba katin kuɗin cefane in ka ba da lambarka, ƙarya ce, lambar suke so su yi maka rajista ko su canza maka tsari ba da saninka ba. Akwai kuma masu sayar da tsarin gajeren lokaci mai arhar ban mamaki, wanda ba dole ne ya ɗauki ciwon da ka zo da shi ba. Dillalin kirki ba ya karɓar kuɗi a hannunka, kamfani ke biyansa. Layin wayar kasuwar gwamnati kuma yana haɗa mutum da tafinta kyauta, wanda Ingilishi ya yi wa nauyi ya nemi mai Faransanci.

Ga masu shirin zuwa gida hutu, akasarin waɗannan tsare-tsare ba sa biyan jinyar da aka yi a wajen Amurka. Wanda ya shekara biyar ko goma a can kuma jikinsa ya manta da zazzaɓin cizon sauro, tana iya kayar da shi fiye da yadda take kayar da mu. A nemi maganin rigakafi tun kafin a hau jirgi.

Mu koma ga na gida. Dokar nan ta watan Yuli ta kuma sa harajin kashi 1 cikin ɗari a kan kuɗin da ake aikowa waje daga 1 ga Janairun 2026, idan da tsabar kuɗi aka je wurin aike. Wanda ya aiko daga asusun banki ko da katin banki na Amurka, harajin bai hau kansa ba. A kan dala 200 harajin dala 2 ne, ba shi ne zai karya kowa ba, amma ya zo a wata ɗaya da ƙarin zubin inshora, da kuɗin ɗumama ɗaki na lokacin sanyi.

Saboda haka Baba, Inna, in aiken ya zo da ragi, kada a fara da cewa yaro ya canza ko matarsa ta mallake shi. A tambaye shi nawa inshorarsa ta koma. In kuma ya ce zai bar ta gaba ɗaya don kada aiken gida ya ragu, muna roƙo a hana shi, ko da hakan na nufin a ɗaga ginin shago ko a rage hidimar biki zuwa baɗi. Jika 140 da aka rasa a wata ana iya jure ta da hatsin da ke rumbu. Bashin asibiti na miliyan 10 kuwa zai tsayar da aiken na shekaru, kuma gidan da ya dogara da shi ne zai fara ji.